Ƙahon da Ba a Zo Karɓa Ba

Shekara talatin da ɗaya ina gyara masa saksafon,
ban taɓa jin ya busa abu ɗaya sau biyu ba.
Detlef Zarnow, ɗan mai walda a tashar jiragen ruwan Rostok.
An haife shi daren da sama ta yi ruwan wuta;
uwarsa ta ce kukansa na fari
ya cakuɗe da jiniya, ba ta iya rarrabewa ba.

A badujalar ma'aikata ya fara,
yana ɗan sha huɗu, rigar ta yi masa yawa.
Ranar fareti, ƙafa dubu na taka sawu ɗaya,
sai ƙahonsa ya tsinke linzami,
ya bi tsuntsayen teku da ke faɗa kan hanjin kifi.
Shugaba ya ce, "Yaro, wannan ba kiɗa ba ne, gobara ce."
Ya ce, "To a bar ta ta ci."

A wancan zamani sai da takarda ake busa.
Mutum uku a bayan tebur, da hatimi, da shayi mai sanyi.
"Yi mana abin da za a iya takawa."
Ya yi musu kukan sarƙa in ana ɗaga ƙarfe,
ya yi musu tarin babansa na asuba.
Ba su buga hatimin ba.
Shekara tara yana wankin kwalabe a kamfanin giya,
hannunsa ya yi fari kamar cikin kifi.

Amma daren Alhamis akwai ɗakin ƙarƙashin coci.
Gudrun a kan ganguna,
Ottmar rungume da bas kamar mai lallashin saniya,
ba takardar waƙa, ba wanda ya san inda za a sauka.
Masu sauraro bakwai.
Na bakwai ɗin yana rubutu a ɗan littafi,
kuma ba don ƙauna ba.
Detlef kan matsa kusa da shi, ya zuba masa sauti a kunne:
kai wannan ma ofis, in ka iya rubuta shi.

Faifai guda ya yi, kwafi ɗari uku.
Rabi sun lanƙwashe a bayan murhun Gudrun.

Da bango ya faɗi, aka kira shi Amsterdam, aka kira shi Zurik.
Manyan zaure, kujeru masu laushi,
tafi tun bai gama numfashi ba.
Ya dawo shagona ya zauna kan akwati, bai cire hula ba.
"Ilsabe, yanzu ba mai hana ni.
To da wa zan yi?"
Na ce akwai iska. Na ce akwai kai.
Ya yi dariya har ta koma tari.

Ni na san mutumin ta wurin ƙarfensa.
Yawunsa ya cinye tagulla a gwiwar ƙaho,
haƙoransa sun haƙa rami biyu a bakin,
daga baya ramin ya koma ɗaya.
Inda waya ta karye yakan ɗaure da robar gashi,
ya ce ta fi faɗin gaskiya.
Da huhu ya fara yi masa rowa
sai ya koyi busa shiru:
iska kawai, da ƙas-ƙas ɗin maɓallai,
yara matasa na zaune a ƙasa, ba mai motsi.

Kakar bara ya kawo shi a jakar cefane.
"Maɓallin ƙasa na ɓarar da iska."
Kwana biyu na gama.
'Yar ƙanwarsa ce ta bugo waya, ran Talata, ana yayyafi.

Yana nan rataye bayan ƙofa.
In jirgin Denmak ya yi gunji zai fita,
tagullar kan ɗan amsa, ƙasa-ƙasa,
ko kuwa kunnena ne, na tsufa ni ma.
Kuɗin gyara yuro arba'in.
Na rubuta a littafin bashi,
har yau ban soke ba.