Gurasar Burul

Shekara goma sha tara ina manna gurasa a bangon tanderu
a bakin kasuwar Osh, inda kogin Ak-Bura ke wucewa da surutu.
Hannuna na dama ya san wuta kamar ɗan'uwa.
Shi ne kuma ya fara jin ƙullutun,
wata asuba, ina kakkaɓe gari a gaban riga:
ɗan abu kamar ƙwallon goro a ƙasan nonon hagu,
ba zafi, ba ƙaiƙayi, ya yi lamo.

Wata bakwai ina ba shi shiru.
Ya ci, ya ƙoshi, ya yi ƙiba.

A unguwarmu ba a kiran sunansa.
Sai a rage murya a ce "mugun ciwon nan",
a kalli ƙasa, a sake zance.
Haka muka binne innata, aka ce gajiya ce.

Awa goma sha biyu a mota zuwa Bishkek,
duwatsu sun yafa farin mayafi,
Toktosun na riƙe da jakata, bai ce uffan ba.
Likita Kanykei ce ta fara faɗa mini gatsal:
"Sankara ce."
Na jira rufin ɗaki ya faɗo.
Bai faɗo ba. Wani ma yana shara a waje.

Suka yanke abin da za su yanke.
Jan ruwa ya bi jijiyata sau shida,
abinci ya koma ɗanɗanon cokali,
gashina ya bi mataji, ya ƙi dawowa gida.
Na shiga daji, na fito da ƙafata.

Ashe wani dajin na jirana a bakin tanderu.

Zuura, mai sayen gurasa shida kullum safiya,
ta koyi tsallake titi.
A gidan biki aka ware mini kofin shayi,
mai ɗan tsaguwa a baki, don kada a manta.
Gurasata ta kwana, ta bushe,
na jiƙa ta na ba kaji.
Kaji ba su tambayi komai ba.

Ranar Laraba na yage kwalin sukari,
na rubuta da gawayi:
"Mai gurasar nan ta yi sankara, tana nan da ranta.
Ba a ɗaukarta a gurasa.
Mai tambaya ya matso."

Toktosun ya kifa kwalin. Kunya, in ji shi.
Na tayar.
Ya kifa. Na tayar, na danne da dutse.
Rana ta huɗu na tarar ya buga masa ƙusa da kansa,
ya karkace, amma ya tsaya.

Yara sun karanta da ƙarfi suna dariya.
Wani direba ya sayi biyu, ya ci ɗaya a tsaye,
yana kallon masu kallonsa.

Sai Zuura, bayan magariba, wuta ta kusa mutuwa.
Ba gurasa ta zo nema ba.
Ta kama hannuna, wannan hannun dai,
ta kai shi ƙarƙashin mayafinta.
Na ji shi. Ƙarami, bai kai wake ba.
"Tun yaushe?"
"Mako uku."
"Gobe da asuba, ni zan biya kuɗin mota."
Ta yi kuka a kafaɗata ta hagu, inda akwai wuri yanzu.

Ban san ƙarshen labarinta ba, tana kan ruwa na uku.
Nawa ma, duk wata shida ake sake karanta mini shi.

Amma kowace gurasa, kafin ta shiga wuta,
sai na danna mata hatimi a tsakiya,
ƙananan huji, kamar ɗinkin da ke ƙirjina.
Wadda ba a huda ba, kumbura take ta fashe.
Ku zo ku saya. Da zafinta.