Satar Gida

Lahadi a Bradford, yayyafi tun asuba.
Alƙalin wasa bai zo ba,
aka miƙo mini usur.

Saura minti biyu Nazifi ya zura ƙwallo,
Nazifi nawa,
wanda na ɗaure wa igiyar takalmi a mota.
Ya baje hannu yana gudu,
ni kuwa na ga ƙafarsa,
taku ɗaya gaban mai tsaron baya.

Na busa.

Wani Bature ya jinjina mini, ban kula shi ba.
A hanyar gida waifa kaɗai ke magana.
Sai da danja ta tsayar da mu
ya ce, idonsa a kan taga,
"Baba, da taku nawa?"
Na ce ɗaya.
Ya ce, "Ai na sani."