Rumfata a Layin Otigba

Ruwan Ikeja ya ɗauke, janareta bai huta ba.
Na buɗe cikin wata tsohuwar kwamfuta,
fankarta na tari kamar mai asma.
Rasaki maƙwabcina ya leƙo:
"Sa mata manhajar kuɗi, Lurwanu.
Abin kyauta ba shi da wuyan rigar da za ka shaƙa
ran da ya lalace."

Na ce ai na taɓa sayen lasisi.
Kuɗina ne, na'urata ce,
amma mabuɗin yana aljihun wani a ƙetaren teku.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wannan kuwa hannu dubu suka haƙa ta,
ban san ko mutum ɗaya ba.
Sharaɗinsu: ka sha, ka yashe in ka iya,
kada dai ka ɗora murfi.

Ya yi dariya, ya koma kan dalmarsa.

Abu guda muka yarda:
burauza ta zama kura,
shafi uku, ta lamushe ƙwaƙwalwar kaf.

Allon ya haska dab da la'asar.
Mai ita, malamar firamare daga Agege,
ta ƙirga canjinta sau biyu,
ta ruga ta kama danfo.