Lada Ɗaya

Laraba da yamma a Wusasa,
bayan coci, gindin dalbejiya,
mu bakwai a kan benci biyu.
Malam Istifanus ya goge tabarau da bakin riga.

Ya ce, kafin ku tambayi ma'anar Bishara,
ku tambayi kunnen da ya fara jin ta.
Mutane ne a hannun sarautar baƙi,
haraji kan kifi, haraji kan gona,
bashi ya cinye musu ƙasar gado,
suka koma tsayuwar asuba a kasuwa
suna jiran mai cewa, kai, taho.
Kuɗin yini, in ji shi,
tuwon dare ɗaya ne, ba ya kwana.

Sai muka karanta misalin mai gonar inabi,
wanda ya ɗebi ma'aikata tun sassafe,
ya ƙara da hantsi, ya ƙara dab da faɗuwar rana,
ya biya kowa daidai wa daida.

Na ce, Malam, ban yarda ba.
Shekara talatin da ɗaya na yi
ina juya majinyata a asibitin nan,
na san nauyin kwanan tsaye.
Wanda ya sha rana da wanda ya sha inuwa,
lada ɗaya?

Bai yi musu ba.
Ya ce, Rifkatu, tafi ki kwana da shi.

Na kwana da shi kamar tsakuwa a takalmi.

Alhamis na fita sayen zare Sabon Gari.
A Kwangila mota ta tsaya cika fasinja,
ƙarfe huɗu ta gota.
Ga leburori a bakin titi,
shebur, diga, kwanon kwaɓa siminti.
Majiya ƙarfi an kwashe su tun bakwai,
saura tsofaffi biyu
da Barnaba, ɗan ƙanwata,
mai jan ƙafa tun haɗarin babur.
Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe,
ya gyara tsayuwa don ɓoye ɗingishin.
Ta wuce. Ya zauna.

Ashe babu inuwa a wurin jira.
Ranar da ta dafa mai aiki
ita ta dafa wanda ba a ɗauka ba,
shi kuma da yara uku
da tukunyar da ba ta san uzuri ba.

Da dare na ɗauko littafin kakana,
mai tabon goro a gefen shafi.
Tun ina yarinya nake shiga labarin nan
ta ƙofar masu sammako,
ban taɓa leƙa ɗaya ƙofar ba.

Ba zan ɓoye ba,
wani lungu na zuciyata yana ƙunƙuni har yanzu,
yana ƙirga shekarunsa da yatsa.
Na bar shi ya ƙirga.
Na zuba dawa mudu biyu a leda,
gidan Barnaba ba nisa.