Mai Jan Labule

Shekara sha ɗaya ina jan igiya
a gidan wasan Barmo, bayan Ƙofar Ƙaura.
Na ga gaban labule, na ga bayansa,
ban taɓa taka dandamalin ba.

Ana idar da lisha janareta zai yi tari,
ƙwai bakwai su kama, na takwas ya ƙi.
Mai tsire ya kafa tukuba, 'yan gyaɗa su jeru,
sule biyu benci, sisi tabarma,
wanda ba shi da ko kwabo ya hau katanga,
Barmo bai cika kora ba.

Mati ne mashayinmu.
Kwalbar hannunsa ruwan tsamiya ce, ni nake jiƙawa.
Ya yi tangaɗi, ya zagi inuwarsa, ya faɗi a kwata,
gari ya kwashe da dariya.
In na ja labule ya karkaɗe riga,
ya yi shafa'i da wutiri a kan buhun siminti,
bai san ko warin giya ba.

Tasalla kuwa, mai fitowa a matar bariki,
jan baki har kunne, taunar cingam, ƙas ƙas,
marayu huɗu ƙaninta ya bar mata a Rafindadi.
'Yan kallo ba su tambaya ba.

Sai ga kwamiti, na gyaran tarbiyya.
Malam Shekarau ne magatakarda,
dogo, da tabarau ɗaure da zare,
ya zauna layi na uku da littafi a cinya.
Dare arba'in yana rubutu.
Ya biya sule biyunsa kullum, wannan na shaida.
Ran da Mati ya yi wa jaki sallama
na ga kafaɗun Malam suna rawa,
ya toshe baki da hannun riga,
bai san ta ɓular labule ina gani ba.

Ba zan ce ƙarya ya rubuta ba.
Akwai yaron da ya fasa asusun uwarsa don tikiti.
Akwai karta a gindin bedi, har an zare wuƙa.
Akwai motocin da ke kashe fitila tun daga kwana,
su tsaya daidai farantin 'yar gyaɗa,
su saye duka, ba don gyaɗar ba.

Amma takardar da ta je gaban hukuma
sunan Mati ke ciki, da na Tasalla, da na Barmo.
Har ni, mai igiya, an sa ni a ƙasa.
Lambar mota ko ɗaya ba ta shiga ba.

Ranar Talata suka zo da kwaɗo ɗan Sin.
Wasa na tsaka, saura fitowa ɗaya a san
ko ɗan da ya ɓata zai gane ubansa.
Aka ce a watse. Aka watse.
Ni na tsaya riƙe da igiya kamar mai kiwon da akuyarsa ta tsinke,
ban san ko in ja, ko in saki ba.

Yanzu gidan sito ne, taki ake jibgewa.
Labulen yana kan soron Barmo, ana shanyar barkono.
Mati na faci a hanyar Jibiya,
shi ya ce min motocin can suka koma,
inda ba ƙwai bakwai, ba ɗaya, ba mai gani.
Tasalla, tun bara ban ji ɗuriyarta ba.

Jiya a teburin mai shayi, Ƙofar Guga,
wani tsoho ya matso, tabarau da zare.
Ya biya min kofi. Muka yi shiru.
Can ya rage murya: Wai yaron nan,
ya gane uban nasa kuwa?

Na hura shayina, na kurɓa,
na dubi hannuna, kantar igiya na nan.
Na sani, sau tara na ga gwajin wasan.
Ban faɗa masa ba.