Wa Zai Tambayi Gwiwata?

Wata uku na yi a ɗakin sama a Nima,
fanka na juyawa in wuta ta ga dama,
ina saƙa manhajar adashi
don matan layinmu su huta da jiran mai karɓa.
Taɓawa ɗaya, sidi ashirin ya tashi
ya faɗa asusu, ko gumi bai jiƙa shi ba.
Ba littafin da mai ya ɓata, ba "dawo gobe",
ba gardamar wa ta zuba, wa ta yi lamo.
Na kai wa abokaina a Osu, suka tafa.

Mma Lariba mai koko ta karɓi wayar
da hannu mai ƙanshin citta da kanumfari.
Ta danna. Kuɗi ya wuce. Ta tsaya tana jira.
Na ce, Mma, ai an gama.
Ta ce, an gama?
To wa zai tambayi gwiwata?

Shekara goma sha bakwai Isiyaka na zagaye da kekensa
daga bakin kwata har gangaren Mamobi.
Shi ya lura kaskon Azara ya kwana biyu a kife,
ya yi sallama, ya tarar zazzaɓi ya kayar da ita.
Shi ke ɗauko labarin haihuwa a wannan ƙofa
ya sauke a waccan tun bai huce ba.
Ni kuwa na bi shi da agogo, na ƙirga tsayuwarsa,
na rubuta a takardata: ɓata lokaci.

Ran nan ban hau torotoro ba.
Na tako, ina jin yadda gaisuwa ke jan jela:
ina gajiya, ina yara, ina wanda ya tafi Tamale,
ya jikin tsohuwa, an samu ruwa a famfonku?
Babu ɗaya da za a tsallake.

Na koma na warware saƙar.
Na goge jan rubutun da ke yi wa mai latti tsawa.
Yanzu in mace ta kwana biyu ba ta zuba ba,
wayar ba ta ce mata uffan,
maƙwabciyarta take yi wa raɗa: leƙa Azara.
Ranar kwasa kuɗi ba ya sauka
sai mata uku sun haɗa gwiwa a tabarma ɗaya.
Na sa murya inda dā na sa haruffa.
In an gama, fuskar wayar ta dushe da kanta
kamar baƙon da ya san lokacin tashi.

Mai zuba jari ya duba lissafi, ya yamutsa fuska:
minti ɗaya kacal suke yi a ciki!
Na rasa yadda zan auna masa sauran awa biyun
da ake ci a zauren Barikisu, ana ɓare gyaɗa.
Ya ce zai kira. Har yau.

Isiyaka bai ajiye keke ba,
jakar kuɗin ce ya ajiye, da tsoron 'yan fizge.
Barikisu na cewa na ƙera magulmaciya,
tun da aka leƙo ta ranar da fushi kawai take yi.
Wannan ban san yadda zan gyara ba tukuna.

Jiya da asuba na je sayen koko.
Mma Lariba ta cika mini leda har wuya,
ta dubi idanuna da suka kwana a kan allo,
ta ce, Munkaila, duk ka sa ana leƙa mu.
Kai wa ke leƙa ka?

Na laluba aljihu.
Kiran uwata daga Kumasi, guda huɗu,
tun ranar Laraba.