Mai Malfa

A kwalin ashana na zo da irinsa,
ƙwaya tara, baƙaƙe kamar kashin ɓera,
daga gindin dutsen bayan Kalfu
inda Inna Tsahara kan tsinko mini shi
in mun dawo daga itace.
Mai malfa take ce masa,
don kan nan nasa mai tsini
da furen da ke sunkuyawa kewaye da shi
kamar gefen malfar da ruwa ya doka.

Bara na koma.
Masu fasa tsakuwa sun cinye rabin dutsen.
Tushe uku na tarar, a cikin tsaga.

Biyar na shuka a garkata a nan Tawa,
tsakanin na'ana'a da tattasai.
Na ba su taki,
na ba su ruwan famfo safe da yamma
kamar baƙon da ake jin nauyinsa.
Suka ruɓe.

Mantau mai albasa ya leƙo ta katanga:
"Ana miya da shi?
Yana maganin shawara?
To wahalar me?"
Ya yi dariya har hularsa ta goce.

Saura huɗu.
Na kai su kusurwar da ko kaza ba ta tono,
ƙasa mai tsakuwa, rana tsaka,
na zuba, na juya baya.
Ashe hana ruwa ya fi ba da shi wuya.
In na wuce da bokiti
sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi.

Ruwan fari ya sauka,
sama ta yi shiru kwana goma sha bakwai.
Biyu suka tsiro.
Akuyar maƙwabta ta ɗauki rabonta.

Ɗayan ya buɗe ran wata Talata,
launin jar ƙasa da aka sirka da nono.
Kafin hantsi wata ƙaramar zuma,
irin da ban taɓa gani a gari ba,
ta sauka a kan malfar.
Wa ya kai mata labari?

Da la'asar Mantau ya shigo ta ƙofa.
Ya tsuguna, ya daɗe.
Ya ce, "Akwai shi a gonar ubana,
kusa da rijiya.
Wallahi na manta."

Bai yi dariya ba.
Ya laluba aljihu,
ya zazzage ashanarsa a tafi,
ya miƙo mini kwalin.